Shekarar da Muka Shuka Rabin Gona

Yau kwana goma sha tara rabonmu da ruwan sama a Daura. Ba ni kaɗai ke ƙirgawa ba. A majalisarmu ta bakin shagon tela, inda muke zama bayan la'asar, kowa da nasa lissafin. Wani ya ce sha takwas ne, wani ya ce ai sun haura ashirin idan aka cire yayyafin nan da ko tsakar gida bai jiƙa ba. Samarin da ke zama a bencin gefe su kuma waya suke dubawa. Ɗaya ya ce tasa ta nuna hadari ranar Alhamis, ɗayan ya ce tasa Asabar ta ce, kafin ka ankara sun koma gardamar ƙwallon Turai, wa aka saya, wane koci za a kora. Ba na jin haushinsu. Ni ma ina son ƙwallo. Ranar Juma'ar da ta wuce yaran unguwarmu sun sha biyu da nema a filin makaranta, kuma ina tsaye a gefe har aka tashi.

Amma ranar kasuwar Mai'adua da na hau babur, na ga geron da ke gefen hanya ya naɗe ganye, ya yi tsaye siriri kamar tsinke. Ƙasar ta yi wani fari-fari mai ɗaukar ido. Mai babur yana ta ba ni labarin tsadar mai, ni kuwa ban ji rabin abin da ya faɗa ba. Na san wannan launin ƙasar. Na taɓa zama a cikinsa.

Shekara arba'in ke nan da 'yan kai. Lokacin muna ƙauyenmu, arewa da Daura, kafin a kai Mai'adua. Babanmu ya yi shekara biyu da rasuwa, gandu ya koma hannun yayana Garba. Mu biyar ne manya a gidan: Inna, da Yaya Garba da matarsa Yaya Rabi, sai ni da amaryata Hadiza. Yaya Garba yana da yara biyu, mace da namiji. Hadiza kuwa tana ɗauke da cikin fari.

Yaya Garba ba mai yawan magana ba ne. Yana da rediyo ƙarami da ya sa aka ɗinka masa rigar fata, idan mun je gona sai ya rataye shi a reshen gawon da ke tsakiyar gonar. Labaran rana ba sa wuce shi, haka ƙwallon ranar Asabar. Bai taɓa shiga babban filin wasa ba, amma ya san sunan kowane ɗan wasa, kuma shi ne mai tsaron gida idan ƙauyenmu ya kara da na maƙwabta. A nan kaɗai za ka ji ya ɗaga murya.

Ruwan farko ya zo da wuri a shekarar nan, kuma ya zo da ƙarfi. Washegari muka fita shuka. Yaya Garba na gaba da sungumi yana sara rami, ni da Inna muna binsa muna jefa iri muna rufewa da diddige. Gero ya tsiro kore shar. Daga nan sama ta yi shiru. Kullum da yamma gajimare ya taru ta gabas, har a ji cida can nesa, mata su kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsar da komai. Kwana goma sha biyar, shukar ta kwanta. Idan ka taɓa ganye sai ya ruguje a hannunka.

Ruwa na biyu bai kai na farko ba, amma muka sake shukawa, don kowa ma ya shuka. Wannan karon iska mai zafi ce ta kwaso yashi ta binne tsiron tun bai kai tsawon yatsa ba. Da muka dawo gida ran nan, Yaya Garba ya tara ragowar irin, ya gauraya da toka saboda ƙwari, ya zuba a tulu, ya liƙe bakin da laka. Ya ajiye shi a ɗakin Baba da ba a kwana a ciki. Sannan ya tsaya a tsakar gida ya ce, yadda kowa zai ji:

"Abin da ke cikin tulun nan ba abinci ba ne. Ko me za a shiga, kada wanda ya taɓa."

Rumbu kuwa ya riga ya yi ƙasa. Da farko aka soke tuwon rana, aka bar na dare. Can aka koma kunu. Can kunun ya zama na dusa. Inna ce ke aunawa da kanta, da wata ƙaramar ƙwarya, kuma idan tana aunawa ba ta son a tsaya mata a kai. Da sassafe Yaya Rabi ta ɗauki kwando ta bi mata zuwa daji neman tafasa da yaɗiya, ba sa dawowa sai rana ta take. Da ganye ya yi wuya aka koma anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Har yau idan na wuce inda aka jiƙa wani abu ya kwana, warin nan nake ji a maƙogwarona. Rijiya ma ta gudu. Igiyar guga ta kasa, Inna ta yayyaga tsohon zaninta aka tufka aka ƙara.

Kullum mutane na wucewa ta bayan gari, waɗanda suka ƙetaro iyaka ta Kongolam daga arewa, da jakuna da tukwane da shanun da za ka ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Ba sa roƙo. Su tsaya a bakin rijiya, su sha, su tambayi hanyar Daura. Rediyon Yaya Garba yana faɗin an yi ruwa a wuri kaza, ana shirin kawo agaji wuri kaza. Ya kan saurara har ƙarshe, ya kashe, ya cire batiran ya shanya su a kan katanga su sha rana. Wata Asabar samari suka ce a fito a buga ƙwallo ko a manta. Aka fito. An yi kamar minti goma, wani ya buga ta ta gangara can wajen bishiyar kargo, kowa ya tsaya yana kallonta. Ba wanda ya bi. Muka zauna a inda muke, daga baya kowa ya kama hanyar gida.

Hadiza ce abin ya fi yi wa illa. Anza ba ta zama a cikinta, da ta ci sai ta dawo. Ƙafafunta suka kumbura har idan ka danna sai wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Wata safiya tana riƙe da taɓarya, ba ma abin kirki take dakawa ba, sai kawai ta sulale a gindin turmi. Inna ta yayyafa mata ruwa, ta rungume kanta a cinya, ta ce kamar da kanta take magana, "Yarinyar nan hatsi jikinta ke nema." Sai dai babu hatsin.

Kwana biyu bayan nan liman ya ce a fita sallar roƙon ruwa. Da hantsi gari ya watse zuwa filin idi, maza da mata da yara, har da awaki aka kora. Hadiza kaɗai aka bari kwance a ɗaki. Na bi mutane har bakin fili, da aka fara daidaita sahu sai na dafe ciki na koma baya kamar mai neman bayan gida. Na zagaya ta bayan danga na shiga gidanmu.

Ɗakin Baba da sanyi. Na durƙusa na ɓalle lakar da wuƙa. Niyyata in ɗebi ƙwarya ɗaya. Da na ga ƙwarya ɗayan a cikin buhun da na riƙo sai na ga ba za ta kai ko'ina ba, na ƙara, na sake ƙarawa. Daga filin idi ina jiyo muryar liman iska na kawo ta tana mayarwa. Da na leƙa tulun, ya koma rabi. Na kwaɓa laka da ruwan buta na mayar na liƙe, na shafe da tafin hannu.

Ban kai geron ɗakinmu ba. Na kai wa gwaggon Hadiza da ke ɗaya unguwar, na ce wani abokina ne a Daura ya taimaka mini, ta riƙa dama kunu tana aikowa a rufe. Ranar farko da Hadiza ta kai kofin baki, ta tsaya, ta dube ni.

"Ina ka samo?"

"Wani abokina ne a Daura."

Ta daɗe tana kallona. Ta san ban je Daura ba. Sannan ta sunkuyar da kai ta shanye, ba ta ƙara tambaya ba, ran nan ko bayan ran nan. Cikin mako guda ta fara tashi tana zagaya tsakar gida.

Kwana tara da sallar roƙon ruwa, hadari ya haɗo bayan azahar, baƙi ƙirin, tun daga gabas har tsakiyar sama. Wannan karon iska ba ta kore shi ba. Ɗigon farko da ya faɗo, ƙasa ta yi ƙara kamar an zuba ruwa a kasko. Ƙamshin nan ya tashi. Inna ta fito tsakar gida ta tsaya ruwa na dukanta. An yi shi har magariba, kwata ta cika ta tumbatsa.

Da gari ya waye Yaya Garba ya ɗauko tulun ya ajiye a tsakar gida, ya fasa lakar. Ya leƙa. Ya zura hannu, hannun ya shige har gwiwa kafin ya taɓa iri. Ina tsaye da sungumi a kafaɗa.

Inna ta ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Ya ragu. Ƙwari ne."

Bai dube ni ba. Kowa a gidan ya san ƙwari ba sa cin gero su tafi da ɓawonsa, amma ba wanda ya ƙara kalma. Muka tafi gona. Maimakon a jefa da yatsu uku yadda aka saba, ƙirgawa muka riƙa yi, ƙwaya huɗu, ƙwaya biyar a rami. Duk da haka daidai gindin gawo ƙwaryar Inna ta ƙare. Yaya Garba ya riga ya sara ramuka biyu gaba. Ya tsaya ya dubi sauran gonar, jiƙaƙƙiya, a shimfiɗe har iyaka, ya ce, "To, nan Allah ya tsayar da mu." Mun zagaya gari neman iri, kowa nasa bai ishe shi ba.

Bayan noman firi, wato noman farko, ya tara mu ya ce rabin gona ba ta buƙatar maza biyu. Shi da wani maƙwabcinmu, Ɗanladi, za su yi kudu neman aiki, su riƙa aiko da abin da za a ci kafin kaka. Ni na raka shi bakin titi. Muna jiran mota ya ciro rediyon daga wuya ya miƙo mini.

Na ce, "Yaya, ka bari ni in tafi."

"Kai da iyalinka ke gab da sauka? Zauna. Ka yi maimai da wuri, kada ciyawa ta riga ka."

Na buɗe baki zan faɗa masa. Wallahi na buɗe. Sai ga babbar mota ta tsaya, yaron mota na ta bubbuga ƙarfe, Ɗanladi ya riga ya haye. Yaya Garba ya kama ƙarfen ya hau, daga sama ya leƙo ya ce, "Ka riƙa cire batir idan ka gama ji."

Ruwa bai ƙara yankewa ba a daminar nan. Rabin gonar da muka shuka ta yi kyan da ban taɓa gani ba, zangarniya kamar damtse. Ɗaya rabin ciyawa ce har ƙugu. Kullum idan na tsaya a gindin gawo, na dubi dama na dubi hagu, sai in ji abinci ya fita raina. Hadiza ta sauka lafiya, mace, aka sa mata Binta. Sau ɗaya wani direba ya sauke mana buhun masara, ya ce in ji Garba, yana gaida Inna, yana nan lafiya. Daga wannan ba mu ƙara jin komai ba.

Bayan kaka Ɗanladi ya dawo shi kaɗai. Ya ce sun rabu a wata tasha gaba da Kaduna. Yaya Garba ya ji ana ɗaukar masu lodin katako can ƙasa, ya ce zai ƙara gaba ya yi wata ɗaya. Ya ce Yaya Garba yana ɗan tari lokacin, amma da ƙafarsa ya hau mota. Iyakar abin da ya sani ke nan, kuma na tambaye shi ya fi sau ɗari.

Na je gidan rediyo na ba da cigiya. Ranar da za a karanta muka zauna a tsakar gida da rana, rediyon a kan turmi. Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba tunda ɗan fari ne, "wannan" take cewa, ko "mai gidan nan". Da mai karatu ya ambaci sunan, da na Baba, da na ƙauyenmu, ta tashi ta shige ɗaki. Sau biyu na bi sawu har kudu, ina nuna tsawonsa da hannu a tashoshi, don ba shi da hoto ko ɗaya. Tun daga lokacin, idan aka ce a labarai mota ta faɗi ko rikici ya tashi a wani gari, sai in tsinci kaina a tsaye. Har yanzu haka nake, ko da yake idan yana raye ya haura saba'in.

Yaya Rabi ta yi shekara huɗu tana jira, sannan danginta suka kai magana gaban alƙali, daga baya ta yi aure a Dutsi. Yaran a hannuna suka girma. Inna ta rasu a shekara ta bakwai. Ana gobe za ta cika, da rana tsaka, tana kwance ido a rufe, ta kira "Garba" sau biyu, a sarari, kamar yadda ake kiran mutum ya zo ga abinci. Hadiza ma ta riga ni, shekara shida ke nan. Mun yi zaman shekaru masu yawa, mun dawo Daura, mun aurar da Binta, ba mu taɓa tayar da maganar kunun nan ba.

Da na dawo daga Mai'adua ranar kasuwar nan, zama ya gagare ni. Washegari na nemi babur zuwa Dutsi. Na sami Yaya Rabi a gidan ɗanta na can, mijin ya daɗe da rasuwa. Tana zaune a inuwar ɗaki tana tsinke zogale a faifai. Ta tsufa ƙwarai, sai da na yi magana ta gane ni.

"Hamisu? Kai ne da ranar nan? Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Yaya. Gaisuwa na zo."

Muka gaisa, ta tambayi Binta da yaranta, muka taɓa maganar ruwa, ta ce su ma nan shiru. Sannan na ce mata akwai abin da na zo faɗa. Na faɗa mata duka, tun daga filin idi har lakar da na kwaɓa. Ban ɗaga kai ba sai da na gama. Hannunta bai daina tsinkar zogalen ba.

Ta ce, "Ai ya sani. Tun ranar ya sani."

Ta zuba ganyen a faifai, ta ci gaba.

"Da aka dawo daga sallar ya shiga ɗakin, ya ga laka ɗanya. Ya zo ya same ni ya ce Hamisu ya buɗe iri. Na miƙe zan fita in yi magana, ya riƙe mini zani. Ya ce idan na buɗe baki bai yafe ba. Ya ce shi ma ya kwana biyu yana zagaya tulun nan saboda Hadiza, ya kasa."

Na ce, "Amma da irin ya cika, da bai tafi ba."

Sai a nan ta ajiye faifan. Ta ce, "Kai a ganinka. Bayan an gama firi ba shi da niyyar zuwa ko'ina. Cewa ya yi a lallaɓa da ganye har sabon gero ya fito. Ni na ɗauki ƙaramin ɗanmu na ɗora masa a cinya, na ce ka ji nauyinsa. Na ce maza sun fita nema, kai kana zaune da rediyo. Bayan kwana biyu ya ce zai tafi." Ta goge hannu a zani. "Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ko shi ƙaramin bai sani ba, ga shi yau da furfura."

Ban ce mata ba laifinta ba ne, ita ma ba ta ce mini ba. Surukarta ta kawo fura a kwano ta ajiye, ta koma. Muka zauna kaji na tsattsage ganyen da ya zube a ƙasa. Aka kira la'asar a masallacin unguwa, na fara neman takalmina.

Sai ta ce, "Hamisu, tsaya in tambaye ka. Tabon nan na goshinsa, wanda ya samu a wurin ƙwallo. Dama yake ko hagu? Kwanan nan ina ta so in tuna, ya ƙi."

Na ce, "Dama."

Ta ce, "Dama," ta gyaɗa kai a hankali, ta jawo faifanta.

Muna kan hanyar dawowa, mun kusa shiga Daura, na kai hannu goshina na taɓa wurin. Sai na ji kamar hagu ne.